Kula da Ƙaramin Yaro Mai Zawo da Amai a Gida: Bayani ga Iyaye da Jami'ai a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Gabatarwa

Zawo, wanda wasu ke kira gudawa, yana daga cikin cututtukan da suka fi addabar ƙananan yara a birni da karkara. Saboda yawan ganinsa da aka yi, jama'a da dama sun ɗauke shi wani mataki ne da kowane yaro zai taka kafin ya girma. Amma a bayanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024, ta ƙiyasta cewa yara fiye da 440,000 'yan ƙasa da shekara biyar ne zawo ke kashewa a duniya kowace shekara. A wajajen 1980 adadin ya haura miliyan 4. Babban abin da ya kawo wannan raguwa shi ne ruwan gishiri da sukari, wanda uwa ke iya haɗawa a tsakar gida ba tare da jiran likita ba.

Mun shirya wannan bayani ne domin iyaye mata da maza, da kakanni, da ungozomomi, da masu unguwanni da dagatai, da kuma jami'an lafiya na ƙananan hukumomin Gusau, Tsafe da Bunguɗu. Muna roƙon duk wanda ya karanta ya isar da shi ga waɗanda ba su sami damar karantawa ba.

Abin da ake nufi da zawo da abin da ke kawo shi

Ana cewa yaro yana zawo idan ya yi kashi mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a cikin wuni da kwana. Jaririn da ke shan nonon uwa zalla yakan yi kashi mai laushi sau da yawa a rana, wannan kuwa ba zawo ba ne, sai in uwa ta ga ya sauya daga yadda ta saba gani.

Ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, kuma hanyarsu ɗaya ce: daga kashi zuwa baki, ta ruwan sha, ko abinci, ko hannu, ko ƙuda. A lokacin hunturu an fi samun wata ƙwayar cuta mai suna rota, wadda ke kama jarirai da 'yan yaye, takan fara da amai da zazzaɓi kafin zawon ya biyo baya. Da zafin bazara da faɗuwar damina kuwa, lokacin da ruwan sama ke kwashe ƙazantar bayan gari ya zuba a rijiyoyi da tafkuna da Gulbin Sakkwato, sai wasu ƙwayoyin su yawaita, ciki har da na kwalara da na atini.

Akwai magana da ta daɗe a bakin mutanenmu cewa zawon haƙori ba a yi masa magani. Gaskiyar al'amarin ita ce lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin da yaro ke rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, ana kuma fara ba shi koko da ruwa. Daga nan cutar ke shiga. Ko da wane suna aka kira zawon, ruwan da ke fita daga jikin yaron iri ɗaya ne, haɗarin ma ɗaya ne.

Ƙarewar ruwa a jiki

Yawancin zawon yara yakan tsaya da kansa cikin kwana uku zuwa bakwai. Abin da ke kashe yaro kafin nan shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Jikin ƙaramin yaro ba shi da ajiyar ruwa mai yawa, saboda haka abin da babba zai jure kwana biyu yana iya kayar da ɗan wata takwas tsakanin hantsi da almuru.

Wajibi ne uwa ta riƙa duba waɗannan abubuwa lokaci-lokaci. Yaron da ruwa ya fara ƙare masa yakan yi ta rigima da ƙishirwa, in an miƙa masa ruwa ya karɓa da zalama. Idanunsa kan zurma, bakinsa ya bushe, ya yi kuka babu hawaye, fitsarinsa ya ragu ya yi ja. A tsunkuli fatar cikinsa tsakanin cibiya da haƙarƙari a ɗaga ta, sannan a saki. Fatar mai lafiya takan koma nan take. Idan ta ɗan jima kafin ta koma, ruwa ya ragu. Idan kuwa ta tsaya fiye da daƙiƙa biyu, ko yaron ya yi laushi ba ya iya sha, ko ana tashinsa daga barci ba ya tashi sosai, to lamarin ya wuce na gida.

Ga jarirai akwai kuma maɗiga. Idan ta lotsa, alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki, ba wata cuta ce ta daban a kai ba. Shafa mata magani ko manna mata ganye ba ya ɗaga ta, yana dai cinye lokacin da ya kamata a yi amfani da shi wajen shayar da yaron. Da zarar ruwa ya koma jiki, ita ma za ta koma yadda take.

Yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari

Mafi inganci shi ne garin da ake samu a ƙunshe a asibiti da kemis, wanda aka rubuta ORS a jikinsa, domin an auna komai daidai, kuma yana ɗauke da wasu sinadaran da haɗin gida ba shi da su. A wanke hannu da sabulu. A duba jikin ƙunshin a ga yawan ruwan da aka rubuta, domin yawancinsu na lita ɗaya ne amma akwai na ƙasa da haka. Lita ɗaya ita ce ledar fiya-wata biyu masu rabin lita. A juye garin gaba ɗaya a cikin ruwa mai tsabta, ko wanda aka tafasa ya huce, a motsa har ya narke. Kada a raba garin biyu da ido domin a yi tattali, kada a ƙara sukari domin ya yi daɗi, kada kuma a tafasa shi bayan an haɗa. A rufe kwanon. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

Idan dare ya yi kuma babu ƙunshin a gida, sai a haɗa na wucin gadi: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali a shafe. A shafe muke nufi, ba a tsiri ba. Uwa ta ɗanɗana kafin ta bai wa yaro. Bai kamata gishirinsa ya wuce na hawaye ba. Gishirin da ya yi yawa yana iya jawo jijjiga, sukarin da ya yi yawa kuma yana ƙara zawo. Da gari ya waye a nemo na ƙunshi.

Wasu kan tambaya me ya sa ruwa zalla bai isa ba. Dalilin shi ne hanjin da cuta ta kama yakan kasa tsotse gishiri shi kaɗai, amma in ya zo tare da ɗan sukari sai ya wuce, ruwa kuma ya bi bayansa zuwa jini. An gwada wannan a aikace a 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, inda kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a ƙasar Indiya kuma ruwan ƙari ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa 'yan uwan marasa lafiya su riƙa shayar da su wannan haɗi, sai mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. A nan Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya yi tsayin daka wajen yaɗa shi a asibitoci da gidajen rediyo. Dattawan da suka koyi awon kwalba na wancan lokaci su lura cewa awon da muka bayar a sama na lita ɗaya ne, kada a gauraya awon biyu.

Yadda ake bayarwa

A fara tun daga kashin farko mai ruwa, kada a jira sai yaro ya galabaita. Bayan kowane zawo, yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi mililita 50 zuwa 100, wato rubu'in babban kofi zuwa rabinsa. Daga shekara biyu zuwa goma a ba shi mililita 100 zuwa 200, wato rabin kofi zuwa cikakke. In ya nemi ƙari a ƙara masa.

A nan ne haƙurin uwa ke aiki. A zaunar da yaron a cinya, kansa a ɗage, a riƙa ba shi cokali ɗaya duk bayan minti ɗaya ko biyu. Babban yaro ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan da kofi. Kada a kwantar da yaro a toshe masa hanci a yi masa ɗure, domin ruwan na iya bi ta hanyar iska ya shiga huhu.

Amai shi ne abin da ya fi karya wa iyaye gwiwa, har su ce tunda ba ya zama a cikinsa gara a bari. Kada a bari. Idan ya yi amai a dakata minti goma, sannan a ci gaba a hankali fiye da dā, cokali ɗaya duk bayan minti biyu ko uku. Ba duk abin da ya sha ne ke dawowa ba, kuma sau da yawa aman kan lafa bayan 'yan awoyi idan ruwa ya fara shiga jiki. Aikin yana cin dare. Ya dace maigida, ko kaka, ko abokiyar zama su karɓi uwar ta ɗan runtsa, musamman in tana da wasu yaran ko tana da juna biyu.

Ruwan gishiri da sukari ba ya tsayar da zawo nan take, kuma ba aikinsa ke nan ba. Aikinsa shi ne ya riƙe yaron har cutar ta wuce.

Ƙwayar zink

Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink. Yaro daga wata shida zuwa sama yana shan ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kowace rana, wanda bai kai wata shida ba kuma rabin ƙwaya, har tsawon kwana 10 zuwa 14. Ana jiƙa ta a cokali da nonon uwa ko ruwa mai tsabta, takan narke da sauri. An fi so a ba shi bayan ya ɗan ci wani abu, domin a kan cikin da babu komai takan tayar da zuciya. Tana rage tsawon zawon da yawansa, tana kuma rage yiwuwar dawowarsa cikin wata biyu zuwa uku masu zuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye ta ranar da zawo ya tsaya. A cika kwanakin.

Nono da abinci

Mai shan nono a ƙara masa yawan shayarwa, dare da rana. Ko uwa ta sami wani cikin, nononta bai zama guba ba, kuma yaye yaro kwatsam yana tsakiyar zawo yana daga cikin hanyoyin da tamowa ke shiga. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono da ruwan ORS sun ishe shi.

Yaron da ya fara cin abinci kada a hana shi da sunan hutar da ciki. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau shida ko fiye a rana: kunun gyaɗa, koko mai kauri da aka sa wa ƙaramin cokalin man gyaɗa, faten dankali ko na wake da ya dahu luguf, shinkafa mai laushi, dafaffen ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, ayaba, kindirmo mai tsabta. Ruwan dafaffiyar shinkafa da romo suna taimakawa. A dafa sabo, kada a ba shi abin da ya kwana a buɗe. Bayan zawon ya tsaya a ƙara masa ci ɗaya a kan wanda ya saba kowace rana har mako biyu, domin ya mayar da abin da ya rasa.

Abubuwan da za a guje musu

Lemon kwalba da lemon leda da shayi mai zaƙi suna ƙara zawo. Zuma ba a ba wa yaron da bai cika shekara ba. Magungunan tsayar da zawo na manya, irin su Imodium, suna iya tsayar da hanjin yaro cikinsa ya kumbura, don haka haramun ne a likitance ga ƙananan yara. Falajil da kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis ko a faifan masu talla ranar kasuwa ba sa komai ga ƙwayar rota. Ma'aikacin lafiya ne kawai zai ce a ba da su, a inda ya ga jini a kashi ko ya yi zaton kwalara. A ganinmu kuɗin da ake kashewa a kan su ya fi amfani in an sayi ORS, zink da sabulu.

Haka kuma a guji jiƙe-jiƙe da saiwoyin wanke ciki, domin yaron da ke zubar da ruwa ba ya buƙatar abin da zai ƙara gudu da cikinsa. Cire beli ko tsaga dasashi wurin wanzami ba ya maganin amai, yana ma iya jawo zubar jini, ya kuma hana yaron tsotso a daidai lokacin da ya fi buƙatarsa.

Lokacin barin gida

A kai yaro asibiti ba tare da jinkiri ba idan ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya yi laushi ko ya fita hayyacinsa, ko ya yi jijjiga, ko aka ga jini a kashinsa. Haka nan idan zawon yana zuba kamar ruwan shinkafa, ko akwai zazzaɓi, ko an kwana uku babu sauƙi, ko zawon ya kai kwana 14. Zazzaɓi da amai a damina sau da yawa na cizon sauro ne, kuma gwajin jini na 'yan mintoci ne ke bambancewa, ko da yaron yana karɓar maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida. Jaririn da bai kai wata biyu ba, da yaron da dama can yana da tamowa ko kumburin ƙafa, ba a jinyar zawonsu a gida ko kaɗan. Mai tamowa yana da nasa ruwan na musamman da ake bayarwa a asibiti, kuma gwajin tsunkulin fata ba ya faɗin gaskiya a jikinsa.

Mun san halin da hanyoyinmu ke ciki. Mutumin Magami ko Wonaka, ko na Keta da 'Yankuzo, ko na ƙauyukan Nahuce da Kwatarkwashi, ba ko da yaushe yake iya fitowa da dare ba saboda matsalar tsaro. Don haka muna ba da shawarar a yanke hukunci tun da sauran rana. A duba yaron da kyau da azahar, a sake dubawa da la'asar. In har ana shakka, a tafi, gara a je a ce a koma gida da a wayi gari ana neman abin hawa. Magidanta su bar izini da kuɗin mashin a hannun iyalinsu kafin su tafi gona ko kasuwa, domin an sha rasa awoyi masu muhimmanci ana jiran dawowar maigida. A tafi da ruwan ORS a cikin gora mai tsabta da cokali, a ci gaba da ba yaron a hanya muddin yana iya haɗiya, a kuma ɗauki katin rigakafinsa.

Asibitin mazaɓa mafi kusa shi ne matakin farko. Daga nan akwai manyan asibitocin Tsafe da Bunguɗu, a Gusau kuma akwai Asibitin Mata da Yara na Sarki Fahad, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya.

Akwai wani abu da ya shafi jiharmu musamman. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, kuma amai da ciwon ciki da jijjiga na cikin alamominta. Duk gidan da ake wannan sana'a, ko maigidan ke dawowa da tufafin wurin haƙa, a faɗa wa ma'aikacin lafiya.

Kwalara da aikin jami'ai

A 2021 Hukumar NCDC ta lissafa mutane fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, kimanin 3,600 suka rasu, kuma Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Kwalara tana iya kashe babba ma cikin awoyi. Idan mai unguwa ko dagaci ya ji mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya sun kwanta da amai da gudawa, ko wani ya rasu da shi, ya sanar da asibitin mazaɓa da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar. Lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232. Ɓoyewa domin gudun abin kunya ga gari shi ke bai wa cutar lokacin shiga rijiya ta gaba.

Muna kira ga shugabannin sassan lafiya da kwamitocin ci gaban mazaɓu su tabbatar akwai ORS da zink a kowane asibitin sha-ka-tafi kafin ruwan farko ya sauka, su kuma ajiye wani kaso a hannun ungozomomi da masu sa kai a ƙauyukan da hanya ke yankewa. Wuraren da 'yan gudun hijira suka taru a Gusau da Tsafe suna buƙatar kulawa ta farko wajen ruwa da masai.

Kare sauran yaran gida

Kashin yaro ba shi da wata tsarki da ta fi ta babba, kuma mai zawo yana cike da ƙwayoyin cuta. A tara shi a fo a zuba a masai, ko a binne, a wanke zanen goyo nesa da rijiya. A wanke hannu da sabulu bayan wanke wa yaro, da kafin girki, da kafin ba shi abinci. In babu sabulu, toka ta fi ruwa zalla. Ruwan 'yan garuwa da na rijiya da na gulbi a tafasa shi, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa irin su Aquatabs bisa awon da aka rubuta a jira minti 30. A rufe randa, a ware mata moɗa mai mariƙi, kada yara su riƙa tsoma kofi da hannu. A yi amfani da kofi da cokali maimakon fida, domin wanke ta da kyau yana da wuya. Jihar Jigawa ta zama ta farko a ƙasar nan da aka tabbatar ta daina bahaya a fili a 2022, kuma aikin ya ginu ne a kan kowane gida ya haƙa masai.

Tun watan Agusta 2022 aka shigar da rigakafin rota cikin rigakafin yara na yau da kullum, kyauta. Ɗigo ne a baki, ana bayarwa a mako na 6, na 10 da na 14 da haihuwa, tare da sauran alluran wannan lokaci. Allurar ƙyanda a wata tara da sinadarin bitamin A duk bayan wata shida su ma suna rage zawo mai tsanani. Uwar da ba ta da tabbacin an yi wa jaririnta ɗigon rota ta kai katinsa asibiti ranar awo a duba mata.